Wa ke zuwa, wa ke ɗorewa: maza da mata tsofaffin sojojin Amurka a jinyar ciwon firgita

Sunan da muke kiran tsofaffin sojoji da shi a Hausa, 'yan mazan jiya, bai bar wa mace wuri ba. Amurkawa ma sun daɗe a haka. Taken ma'aikatarsu mai kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, daga jawabin Abraham Lincoln na 1865 aka ɗauko shi, kuma maganarsa ita ce a kula da namijin da ya ɗauki nauyin yaƙi, da matar da ya mutu ya bari, da marayansa. Sai a 2023 aka sake lafazin ya haɗa da mata, alhali a lokacin mata sun kai kusan miliyan 2 cikin tsofaffin sojojin ƙasar, wato wajen mutum ɗaya cikin goma.

Wanda ya ji haka zai zaci mata ne suka fi ƙaurace wa asibitocin VA idan ciwon firgita ya kama su. Alƙaluman ma'aikatar sun nuna akasin haka: cikin waɗanda aka tabbatar suna da ciwon, mace ta fi namiji fara zaman jinya, ta kuma fi shi yawan komawa. A nan ake yawan yin kuskure, a ce ai mata sun samu abin da suke so, maza ne masu taurin kai. Tsakanin ranar da mutum ya ajiye kaki da ranar da likita zai sallame shi akwai ƙofofi da yawa, kuma wadda ke tare namiji daban take da wadda ke tare mace.

Ciwon da abin da ke jawo shi

Ciwon firgita, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980, bayan matsin lamba daga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Ana tabbatar da shi idan mutum ya gamu da mutuwa, ko barazanarta, ko mummunan rauni, ko fyaɗe, sannan alamu iri huɗu suka zauna masa fiye da wata ɗaya har suka dagula masa aiki da zaman gida. Abin da ya faru yana dawo masa a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa. Yana guje wa duk abin da zai tuna masa. Tunaninsa kan kansa da mutane yana baƙanta, ga zargin kai, ga jin zuciya ta bushe. Jikinsa kuma kullum a ɗare yake: barci ba ya zuwa, ƙaramin ƙara ya zabura, ƙaramin abu ya fusata.

Cibiyar VA mai nazarin wannan ciwo ta ce cikin tsofaffin sojoji mata, 13 cikin 100 za su yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu, maza kuwa 6 cikin 100. Cikin mutum miliyan 6 da asibitocin VA suka duba a 2021, an tabbatar da shi ga kashi 19 cikin 100 na mata da kashi 10 cikin 100 na maza.

Wannan ninki ba daga raunin zuciya yake ba. Binciken da Dawne Vogt da abokan aikinta suka wallafa a 2011 kan waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan ya nuna cewa idan abin da suka gani a fagen daga iri ɗaya ne, illarsa ga mace da namiji kusan ɗaya ce. Kuma mata sun ga yaƙi tun kafin doka ta yarda sun gani. Sai a Janairun 2013 aka ɗage haramcin sa mata a rundunonin gaba-da-gaba, a Disamban 2015 aka buɗe musu dukkan ayyukan soja, amma tun farkon yaƙin Iraƙi suna tuƙa motocin ayari a hanyoyin da aka binne bama-bamai, suna ɗauko masu rauni, suna bin maza sintiri don su caje mata a shingaye da cikin gidaje.

Abin da ke ɗaga adadin mata shi ne wani rauni na biyu, cin zarafin jima'i a cikin aikin soja, wanda VA ke kira MST. Duk wanda ya zo asibitin VA ana yi masa tambayoyi biyu a kan haka. Mace ɗaya cikin uku tana cewa eh, namiji ɗaya cikin hamsin. Fyaɗe na cikin abubuwan da suka fi barin ciwon firgita, kuma na cikin bariki yana da nasa dafin: wanda ya yi abin sau da yawa abokin aiki ne ko shugaba, gobe da safe tare za a tsaya fareti, kuma a hannunsa ko na abokansa ƙarin girma da hutu suke. Ba wurin gudu. Wanda aka horar da kai ka ba shi amanar ranka shi ne ya ci amanar.

"Zuwa jinya" matakai ne

Idan aka ce wane ya yi jinya, sai a tambaya wane mataki ya kai. Na farko tantancewa ce a wurin likitan yau da kullum, tambayoyi biyar na eh ko a'a. Na biyu tabbatarwa a wurin ƙwararre. Na uku zuwa zaman farko. Na huɗu shiga irin jinyar da ke tunkarar abin da ya faru kai tsaye, domin akwai zama da yawa da ba su wuce hira da ba da haƙuri ba. Na biyar kammalawa, wanda masu bincike kan ƙiyasta da zama takwas ko tara zuwa sama cikin 'yan watanni.

A kowane mataki mutane na zubewa. Karen Seal da abokan aikinta a San Francisco sun bi sawun kusan mutum 50,000 da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan aka tabbatar musu da ciwon, suka wallafa a 2010 cewa kashi 9.5 cikin 100 kaɗai suka yi zama tara ko fiye cikin mako 15 a shekarar farko. Waɗanda suka fi kasawa su ne maza, da 'yan ƙasa da shekara 25, da mazauna karkara. Wani bincike na Shira Maguen kan mutum fiye da 265,000 ya gano cewa kusan kashi 23 cikin 100 suka fara ɗaya daga manyan hanyoyin jinya biyu da VA ke tutiya da su, waɗanda bayaninsu ke gaba, kashi 9 kaɗai suka kammala.

Saboda haka fifikon da mata suka yi wa maza fifiko ne a cikin rashi. Galibin matan ma ba su kammala ba.

Ƙofar namiji: ya buɗe baki

Matsalar namiji tana farawa tun kafin ya taka asibiti. A 2004 Charles Hoge na cibiyar binciken soja ta Walter Reed ya wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa dubban sojojin ƙasa da na kundumbala, kusan dukkansu maza. Cikin waɗanda alamu suka nuna suna da larurar ƙwaƙwalwa, kashi 23 zuwa 40 cikin 100 kaɗai suka nemi taimako. Kashi 65 sun ce za a ɗauke su raggaye, kashi 63 sun ce shugabanninsu za su canza musu fuska. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne masu ciwon sun ninka marasa ciwon jin wannan tsoro.

Horon soja da kansa yana koyar da abin da daga baya zai zama shinge. An koya wa mutum ya haɗiye tsoro, ya ci gaba, kada ya zama kaya ga 'yan uwansa. A fagen daga wannan ke tsirar da rai. Bayan an dawo gida shi ne ke ciyar da ciwon, domin gujewa ita ce abincinsa.

Sannan ciwon namiji yakan zo da wata riga. Ba zai ce yana jin tsoro ba. Zai ce ba ya barci, bayansa na ciwo, kansa na sarawa, ko matarsa ta ce ya cika faɗa. Shan giya da ƙwaya sun fi yawa a maza masu ciwon, baƙin ciki mai tsanani da fargaba sun fi yawa a mata. Likitan da ya ga fushi da giya zai iya tura mutum sashen masu shaye-shaye ya tsaya a nan. Da can ƙa'idar ita ce sai mutum ya daina sha kafin a taɓa raunin, wanda ke nufin da yawa ba su taɓa kaiwa ba, tunda shan ma don su samu barci suke yi. Yanzu jagorar VA ta ce shaye-shaye ba dalilin hana mutum jinyar firgita ba ne, a haɗa biyun a tafi tare.

Akwai kuma nauyin da ba tsoro ba ne. Wanda ya harbi motar da ta ƙi tsayawa a shinge, aka buɗe aka ga iyali ne, ko kwamandan da ya tura yaransa hanyar da bam ya tashi da su, abin da ke cin sa laifi ne da kunya. Likita Jonathan Shay ya kira wannan raunin lamiri. Irin wannan mutum yakan ji bai cancanci ya warke ba, ko ya ji samun sauƙi cin amanar waɗanda suka mutu ne. Idan likita bai gane haka ba ya yi ta maganar tsoro, majinyacin zai ga ba a fahimce shi ba, ya daina zuwa.

Domin irin waɗannan ne aka kafa ƙananan cibiyoyin shawara na cikin gari a 1979, waɗanda yanzu sun kai wajen 300. Ba a cikin asibiti suke ba, yawancin ma'aikatansu tsofaffin sojoji ne, kuma bayanan wanda ya zo ba sa shiga kundin asibiti sai da izininsa. Jinkirin namiji yana da tsada: fiye da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu kowace shekara a Amurka, mafi rinjayensu maza, kuma wajen bakwai cikin goma da bindiga.

Ƙofar mace: ginin da ba don ita aka yi ba

Mace takan fi saurin faɗin abin da ke damunta, kamar yadda ake gani a wajen soja ma. Wahalarta tana farawa ne idan ta iso. Ta shiga ɗakin jira cike da maza, mai karɓar baƙi ya tambaye ta ko mijinta ta rako. A wani bincike da aka yi kan mata fiye da 1,300 a asibitocin VA 12, wanda Ruth Klap ta wallafa a 2019, mace ɗaya cikin huɗu ta ce maza tsofaffin sojoji sun yi mata maganar banza ko wani abin da ba ta so a harabar asibitin, kuma waɗannan matan sun fi jinkirta zuwa ko fasawa. Ga wadda soja ɗan uwanta ya yi wa fyaɗe, wucewa ta wannan ɗakin jira kowane mako dawo da raunin ne kafin a fara maganinsa.

Majalisar dokoki ta fara ba da izinin yi wa mata jinyar MST a 1992, shekara ɗaya bayan abin kunyar taron Tailhook a Las Vegas inda hafsoshin jiragen sojan ruwa suka ci zarafin mata da dama. A yau jinyar kyauta ce, ba a neman shaidar cewa an kai ƙara lokacin da abin ya faru, kuma kowane asibitin VA na da jami'i na musamman a kai. Dokar Deborah Sampson da aka sa wa hannu a Janairun 2021 ta tilasta wa ma'aikatar ta kafa tsarin magance cin zarafi a harabarta. Manyan asibitoci da yawa sun ware sashen mata, wasu har da ƙofar shiga ta daban. A ƙananan asibitocin karkara, inda mata 'yan kaɗan ne, wannan ba ya samuwa, kuma neman likita mace na iya tsawaita jira.

Sai reno. Mata tsofaffin sojoji sun fi maza ƙuruciya a matsakaici, da yawa suna da ƙananan yara, wasu su kaɗai ke riƙe da su. Zaman minti 90 da rana tsaka, kowane mako har wata uku, ga tafiya, ga aikin gida na jinya kullum, abu ne da sai an samu mai riƙe yaro. Ba a kuma yin wannan zama da yaro a cinya. Akwai ma abin da ya fi haka: mace takan zo da rauni fiye da ɗaya, wani tun na yarinta, wani kuma yana faruwa a gidan aurenta a lokacin. Idan miji na dukanta yanzu, tsaron lafiyarta ake fara dubawa, domin ba a koya wa mutum cewa haɗari ya wuce alhali yana jiran ta a gida.

Mazan da aka ci zarafinsu

Waɗannan ne, a ganinmu, aka fi barin su a baya. Ɗaya cikin hamsin kamar kaɗan ne, amma da yake maza sun ninka mata sau tara, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk masu cewa eh ga tambayar MST maza ne. Kuma waɗanda suka iya faɗa ke nan. An shigar da maza cikin dokar jinyar a 1994, amma hoton abin a zukatan mutane ya ci gaba da zama na mace: takardun bango, ƙasidu, har ofishin jami'in a wasu wurare yana kusa da sashen mata.

Namiji yakan kira abin da aka yi masa horon sabon shiga ko wasan banza na bariki, musamman idan taron dangi aka yi masa. Yakan tambayi kansa ta yaya soja mai horo ya kasa kare kansa. Jikin namiji na iya motsawa a lokacin cin zarafi ba da son ransa ba, abin da likitoci suka san aikin jijiya ne kawai, amma shi sai ya ɗauka shaida ce a kansa ya binne maganar shekaru. Kafin Satumban 2011 kuma, lokacin da doka ke korar sojan da aka san yana neman jinsinsa, wanda namiji ya yi wa fyaɗe na tsoron kai ƙara ta juye a kansa. Irin wannan majinyaci yakan zo da labarin yaƙi, a yi ta jinya a kai ba sauƙi, domin ainihin raunin bai fito ba. Shi ya sa yadda ake yin tambayar ke da muhimmanci: a keɓe, a hankali, da bayyana aikin da aka yi maimakon kiran sunansa, kuma a sake tambaya bayan an saba.

Abin da ke faruwa a cikin ɗakin

VA ta fara horar da ma'aikatanta kan hanyar CPT, mai gyara tunanin mutum kan abin da ya faru, a 2006, da hanyar PE, mai sa shi tunkarar abin da yake gudu, a 2007. Jagorar da ta fitar tare da ma'aikatar tsaro a 2023 ta fifita waɗannan biyu da ta uku, EMDR, wadda ake tuna abin da ya faru ana motsa idanu hagu da dama, a kan ƙwayoyi. Abin lura shi ne biyun farko a kan mata fararen hula da aka yi wa fyaɗe aka fara gwada su sosai, kafin a kai su ga sojoji.

PE, wadda Edna Foa ta tsara, zama 8 zuwa 15 ne, yawanci minti 90. Zaman farko bayani ne da koyon numfashi. A na biyu ana jera abubuwan da mutum ke gudu, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tashin hankalin da yake jawowa: kanti mai cunkoso, zama da baya ga ƙofa, tuƙi kusa da shara a gefen titi. Ana farawa da na tsakiya, mutum ya je ya tsaya minti 30 zuwa 45, ko har tashin hankalin ya ragu da rabi. A zama na uku ake shiga ainihin aikin: ya rufe ido ya ba da labarin da bakinsa kamar yanzu yake faruwa, ya maimaita har tsawon minti 45 ko kusa, a naɗa, ya saurara kullum a gida. Daga baya a ware wuraren da suka fi zafi a yi ta maimaita su.

CPT ta Patricia Resick zama 12 ce, kowanne kusan awa ɗaya. Bayan zaman farko mutum zai rubuta shafi guda kan dalilin da yake ganin abin ya faru da yadda ya sauya masa kallon kansa da mutane. Daga ciki ake tsamo tunanin da ya maƙale, irin su "da na duba hagu da yana raye" ko "da ban je ɗakinsa ba da bai faru ba". Ana bin su ɗaya bayan ɗaya da takardun aiki: mece ce hujja, me ka sani a lokacin, me ka sani sai daga baya. Zama biyar na ƙarshe na kan tsaro, amana, iko, kimar kai da kusanci. A duk hanyoyin biyu ana cike takarda mai tambaya 20 a kai a kai, makinta daga 0 zuwa 80. Daga 31 zuwa 33 ake zargin ciwon, kuma raguwar maki 10 zuwa sama alama ce ta ana samun sauƙi.

Hanyoyin suna aiki ga jinsin biyu. Gwajin Paula Schnurr na 2007 kan mata 284, tsofaffin sojoji da masu kan aiki, ya nuna kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka sa a PE sun fita daga ma'aunin ciwon, idan aka kwatanta da kusan kashi 28 a jinyar da ke duba matsalolin yau kawai. Amma kashi 38 sun bar PE a hanya, a ɗayar kashi 21. A gwajinta na 2022 kan mutum 916, kusan huɗu cikin biyar maza, fiye da rabi sun bar PE, kusan kashi 47 sun bar CPT, duk da cewa hanyoyin biyu sun rage ciwon sosai.

Yawancin masu tserewa da wuri suke yi, kafin zama na uku ko jim kaɗan bayansa, daidai inda za a taɓa gyambon. Wasu alamunsu na ƙaruwa na ɗan lokaci, mafarki ya tsananta, su ɗauka maganin cutar da su yake. Idan ba a gaya musu tun farko cewa haka na iya faruwa kuma yana wucewa ba, ba za su dawo ba. A wannan mataki ƙuruciya ta fi jinsi nuna wanda zai tsere. Dalilan ne suka bambanta. Namiji yakan ba da labarin kamar rahoton aiki, da sa'o'i da sunayen makamai, ba tare da ya bar zuciyarsa ta shiga ba, kuma a haka maki ba ya sauka. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa takan tsallake wurin da kunya ta fi yawa, ko abin ya rinjaye ta har ta ji ta fita daga jikinta, sai likita ya sa ta buɗe ido ta ba da labarin a matsayin abin da ya wuce. Jinyar rukuni ma tana da tarko: sa mace ɗaya cikin maza bakwai masu labarin yaƙi, ko namijin da aka ci zarafinsa cikinsu, hanyar rufe bakinsu ce. Gwajin da Resick ta yi a barikin Fort Hood ya ma nuna CPT ta mutum ɗaya ta fi ta rukuni tasiri.

Ƙwayoyin da jagorar ta amince da su uku ne: sertraline, paroxetine da venlafaxine, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Suna iya rage sha'awa da ƙarfin kwanciyar aure, dalilin da ke sa maza da yawa su daina sha ba tare da sun faɗa ba. Paroxetine kuma an yi gargaɗi tun 2005 kan haɗarinta ga zuciyar ɗan tayi, don haka dole a tambayi mace batun ciki kafin a rubuta mata. Jagorar ta ce a guji dangin diazepam, domin suna kwantar da mutum na sa'o'i su bar ciwon yadda yake, ga shi mutum na kamuwa da jarabar shansu.

Takardar diyya

Jinya da diyya ofisoshi biyu ne, amma a zuciyar majinyaci a haɗe suke. Tun Yulin 2010 wanda ya ce tsoron harin abokan gaba ne ya jawo masa ciwon ba ya buƙatar takardar shaidar takamaiman abin da ya faru, muddin likitan VA ya tabbatar kuma maganar ta dace da inda ya yi aiki. Mai MST sai an nemo alamu a kundinsa: neman canjin wurin aiki kwatsam, faɗuwar ƙwazo, gwajin ciki ko na cutar sanyi, wasiƙa ga 'yan uwa. Babban mai binciken ma'aikatar ya gano a 2018 cewa kusan rabin buƙatun MST da aka ƙi a wani zango na 2017 ba a bi ƙa'ida wajen duba su ba. Wanda ya tattaro ƙarfin hali ya faɗi abin da aka yi masa, sannan wasiƙa ta zo cewa babu hujja, ya sake jin abin da ya ji a bariki, kuma da wuya ya koma wa hukumar da sunan neman magani.

Mai karatu a Najeriya ba zai rasa ganin inda wannan ya shafe mu ba. Sojojinmu sun shafe fiye da shekara goma suna yaƙi a Borno da Yobe, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a 2011, kuma kunyar a ce namiji ya je asibitin ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Gyaran da ya nuna alama

Abin da ya fi rage tserewa shi ne gajarta lokaci. A gwajin da Foa ta wallafa a 2018 kan sojoji masu kan aiki, an yi zama 10 na PE cikin mako biyu maimakon mako takwas, sakamakon bai gaza ba, kuma masu barin jinya sun ragu. Dalilin a bayyane yake: tsakanin zama da zama babu kwana shida da gujewa za ta sake ginuwa. Ga uwa, neman mai reno na mako biyu ya fi sauƙi a kan na wata uku. Ga namiji mai aiki, hutu ɗaya zai ɗauka maimakon ya riƙa neman izini kowane mako ana tambayarsa ina za shi.

Akwai kuma jinyar rubutu ta Denise Sloan da Brian Marx: zama biyar, a kowanne mutum ya yi minti 30 yana rubuta abin da ya faru, babu aikin gida. A gwaje-gwajen da aka kwatanta ta da CPT da PE ba ta gaza su ba, kuma masu barinta sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Ta dace da wanda bakinsa ya kasa furta abin.

Jinya ta bidiyo daga gida ta kawar wa mace da ɗakin jira, ta kawar wa namiji da tsoron a ga motarsa a ƙofar sashen ƙwaƙwalwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna tasirinta ya yi daidai da na gaba da gaba. Tana da nata sharuɗɗa. Kafin a fara kowane zama likita na tabbatar da adireshin da majinyaci yake da lambar wanda za a kira idan abu ya ɓaci, ya tambaya ko akwai mai jin su, ya kuma san yadda ake ajiye bindigar gidan. Idan wanda mace ke tsoro yana ɗaki na gaba, ko idan rashin fita daga gida shi ne babbar alamar ciwon mutum, sai a mayar da zaman asibiti ko a sa fitar kanta cikin jerin abubuwan da zai tunkara.